Godiya bayan ƙanwata ta cika arba'in

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, jiya ƙanwata ta cika arba'in, ita da ɗiyarta suna gida a Jega cikin ƙoshin lafiya. Tun muna asibiti kira da saƙonni ke shigowa, da yawa ban samu amsawa ba saboda jinya. Shi ya sa na fito nan in yi godiya a madadin Inna da mijinta da sauran dangi.

Ga waɗanda labarin bai kai musu ba, ciwon hawan jini na masu ciki ne ya kama ta, kuma cikinta na fari ne. Ya shiga wata na takwas sai ƙafafu suka kumbura, fuska ta yi suntum, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Kowa a gida cewa yake ai haka mai ciki take. Daga nan ciwon kai ya sa ta gaba, irin wanda farasitamol ba ya ko taɓa shi, tana ganin walƙiya-walƙiya a ido, ga zafi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama.

Bayan godiya ga Allah, godiyata ta farko ga malamar awo ce ta ƙaramin asibitin da muka fara zuwa. Ta gwada jinin, ta bar ta ta huta, ta sake gwadawa: ya haura 160 bisa 110. Ta tsoma ɗan tsinken takarda a fitsari, nan take ya canza launi, alamar furotin na zuba. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, wannan ya fi ƙarfin nan. Ku wuce Birnin Kebbi yanzu, kada wanda ya koma gida ɗauko kaya." Kafin mu tashi sai da ta yi mata allurar farko ta magnesiyam salfet, maganin hana jijjiga, ta rubuta lokacin a takarda ta danƙa mini. Malama, ko sunanki ban tsaya tambaya ba, amma kina cikin addu'ata bayan kowace salla.

Kawu, mun gode. Lokacin da aka fara raɗe-raɗin ko iska ce, a nemo turare, kai ne ka ce a kai ta asibiti, addu'a kuma a yi ta a can, Allah na ji ko'ina. Haka maƙwabcinmu da ya fito da motarsa ya bi da mu ta Kalgo, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Akwai likita mace, yarinya ce ma a shekaru, da ta zauna da ni a baranda ta yi mini bayanin da ya kwantar mini da hankali. Ta ce ciwon, wanda suke kira firiklamsiya, yakan bayyana ne bayan ciki ya wuce mako 20, kuma tushensa mabiyiya ce. Jijiyoyin jinin mahaifa da ya kamata su buɗe sosai tun farkon ciki don su ciyar da ita ba su buɗe yadda ya kamata ba. Da jini ya gaza mata, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa, su kuma su raunata siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jinin jiki duka. Ta ce in tuna mesar ban-ruwa a fadama lokacin noman rani: in aka matse ta, ruwa zai ƙara ƙarfi, in kuma ta tsage, sai ya riƙa tsiyaya a hanya. Jijiya ta tsuke, jini ya hau. Ta yi yoyo, jiki ya kumbura, ƙoda ta zubar da furotin. Abin ya kai ƙwaƙwalwa, sai ciwon kai da jijjiga; ya kai hanta, sai wannan zafin na haƙarƙari. Duk alamomin da muke ɗauka daban-daban ne ashe ciwo ɗaya ne.

Ma'aikatan jinya na dare su ne suka fi tsaya mini a rai. Magnesiyam ɗin nan ba maganin saukar da jini ba ne, aikinsa tare jijjiga. Bayan allurar farko, duk awa 4 sai an sake yi mata giram 5 a ɗuwawu, wannan gefe yanzu, wancan anjima, har aka cika awa 24 bayan haihuwa. Allura ce mai zafi, na ga hawayenta. Amma kafin kowace ɗaya sai sista ta zo da 'yar gudumar roba ta ƙwanƙwasa mata gwiwa ta ga ko ƙafar za ta harba, ta sa agogo ta ƙirga numfashi, ta durƙusa ta duba yawan fitsarin da ya taru a jakar robar. Maganin ta ƙoda yake fita, in ya taru a jiki yana iya danne numfashi, don haka makarinsa, kalsiyam gulukonet, yana nan ajiye kusa. Ƙarfe biyun dare, ɗaki cike da mata, sista ɗaya na zagaye gado bayan gado, ba ta taɓa tsallake wannan dubawar ba. Daga baya na karanta cewa wani babban bincike da aka fitar a 2002, kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar na rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Magani mai araha irin wannan bai kamata a rasa shi a kowane asibitin ƙauye na jihar Kebbi ba, kuma ina roƙon hukuma ta dubi wannan da idon rahama.

Jinin kuwa da haidralazin ta jijiya aka fara saukar da shi, a hankali, don in ya faɗi lokaci guda jinin da ke isa ga jaririya zai ragu. Cikin bai kai mako 34 ba, sai aka yi allurar da ke taimaka wa huhun jariri ya nuna, sannan aka shiga da ita tiyata, tunda ciwon ba ya fara janyewa sai an fitar da mabiyiya. Abokan mijinta na kasuwar Jega suka rufe shagunansu suka zo ba da jini. Allah Ya albarkaci kasuwancinku. Ma'aikatan ɗakin jarirai da suka riƙe 'yar bakwainin nan a kwalba, Allah Ya raya muku naku.

Inna, taki godiyar daban ce. An sallame mu da ƙwayar nifedifin ta saukar da jini, aka ce jini na iya ci gaba da hawa har mako 6 bayan haihuwa, kuma ban da kunun kanwa, domin kanwa na ɗauke da irin sinadarin gishiri da ke ƙara hawan jini. Na san abin ya yi miki nauyi, da shi kika yi jegonmu duka. Kika ce, "In dai don lafiyar ɗiyata ne, an bari." Kika koma dama mata kunun gyaɗa, ruwan wanka ma kika riƙa sirkawa, masu zuwa barka na ta magana kina ba su haƙuri.

Likita ta ja kunnenmu cewa wadda ta taɓa wannan ciwon ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki nan gaba, don haka gwajin jini ya zame mata abin yi a kai a kai. In Allah Ya kawo wani rabon, za ta fara awo da wuri, a sa ta kan ƙaramin asfirin na miligiram 75 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, haɗe da kalsiyam. Ta kuma hana ta sayen maganin hawan jini da kanta a kemis, saboda irin su lisinofiril na cutar da ɗan da ke ciki. Mijinta ya sayo na'urar gwajin jini, shi ke rubuta sakamakon a littafi safe da yamma. Malam, ka yi ɗawainiya, Allah Ya ƙara buɗi.

'Yan uwa na Aliero da Argungu da Gwandu da suka yi ta zirga-zirga da kulolin abinci, da waɗanda suka turo gudummawa suka ce kada a faɗi sunansu, da limamin unguwarmu da ya sa ta cikin addu'a, Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Mako mai zuwa za mu koma ganin likita a duba ko za a rage mata maganin, a kuma auna nauyin jaririyar. Muna barar addu'arku.