Layi shida a cikin kati

Saura kwana uku aurenmu ya cika shekara 10 na sayo katin. Fari ne, da ɗan zanen fure a bangonsa, cikinsa kuwa babu komai. Da gangan na zaɓi wanda ba a buga rubutu a ciki ba, domin a shekarun baya abin da nake yi shi ne in ɗauko mai rubutu, in sa hannu a ƙasa, in miƙa mata. Takan karɓa da murmushi ta gode, amma ni a raina na san ban ce mata komai ba.

Ban ga laifin masu buga katin ba. Kamfani irin Hallmark, da aka kafa a Amurka tun 1910, yana da marubutan da aikinsu ke nan, kuma sun iya. Sai dai dole abin da suka rubuta ya dace da duk wanda ya ɗauka, daga saurayin da ya fara soyayya jiya har dattijo mai jikoki. Riga ce da aka ɗinka don kowa ya saka. Ni kuma bana so nake in ɗinka mata tata.

A daren farko na zauna, na buɗe katin, na hau rubutu kai tsaye. Kuskurena na farko ke nan. Takardar mai santsi ce, biron kuma mai ruwan tawada, ina kai layi na uku gefen hannuna ya shafe na farko. Ko da bai shafe ba ma, abin da na rubuta bai cancanci ajiya ba: ke ce hasken idona, ke ce tauraruwar zuciyata, ba ni da kamarki. Na karanta a fili, a hankali don kada ta ji daga ɗaki, sai na fahimci ko wace mace a duniya aka ba wannan katin zai yi mata daidai. Babu ƙarya a ciki, amma matata ba ta ciki.

Washegari na sayo wani katin, na ajiye shi gefe, na ɗauko takarda da fensir. Na daina tambayar kaina me ake faɗa wa wadda ake so. Na koma tambayar me na gani da idona a shekara 10 ɗin nan wanda ban taɓa buɗe baki na ce na gani ba.

Nan fa abubuwa suka fara zuwa, har takardar ta cika. Yadda take barin fitilar ƙofa a kunne duk daren da na yi latti, ina shigowa ta yi kamar barci take, alhali na san idonta biyu. Yadda take ɗora bayan hannunta a goshina in na ce kaina na ciwo. Amma wanda ya tsayar da ni shi ne shekarar da aiki ya kuɓuce mini. Wata bakwai ina zaune. A cikin watannin nan ko sau ɗaya ba ta tambaye ni yaushe zan samu wani ba. Kullum da safe sai in tarar da riga a goge, a rataye a jikin ƙofa, kamar mai ofis ɗin zuwa. Wani lokaci babu inda za ni, amma in na ga rigar sai in ji kunyar komawa gado, in saka in fita nema. Ta riƙe mini mutuncina da dutsen guga, ni kuma shekara shida ban ce uffan ba. Na daɗe a zaune fensir a hannu, idona ya ciko.

Akwai wata tsohuwar wasiƙa da ta faɗo mini a rai a daren. Wata budurwa ce a Ingila, Margery Brews, ta aika wa John Paston a 1477, ana kuma lissafa ta cikin tsofaffin wasiƙun masoya da suka rage da Turanci. Ba ta cika ta da taurari ba. Maganar dukiyar auren da mahaifinta ya ƙi ƙarawa ta yi, ta kuma nuna masa cewa ko da bai mallaki rabin abin da yake da shi ba, ba za ta rabu da shi ba. Fiye da shekara 500 ke nan, amma mutum na karantawa zai ji bugun zuciyarta, saboda damuwarta ta gaskiya ta sa a ciki.

Wahalar da ta rage ita ce ragewa. Filin kati bai wuce tafin hannu ba, dole na zaɓi abu ɗaya, na bar fitila da goshi sai wata shekarar. Na kuma cire wani layi da na nemi gafara kan saɓanin da muka yi a makon, don na ga zai janye hankalinta daga abin da nake son ta ji. Wannan da baki na je na faɗa. Na goge duk kalmar da na san ba ta taɓa fita daga bakina ba. A sama, maimakon “masoyiyata”, na sa sunan da ni kaɗai nake kiranta da shi. Sannan na ja layuka da fensir a hankali, na ɗauki biro mai busasshiyar tawada, na kwafe:

“Na ga rigunan nan. Kowace safiya, wata bakwai, na gan su. Su suka fitar da ni daga gida lokacin da ni kaina na fid da rai. Ban taɓa gode miki ba, yau na gode. Ina sonki, kuma in da za a maido ni farko, ke zan sake nema.”

Na sa kwanan wata a ƙasa, na bar shi a buɗe ya bushe kafin in goge layukan fensirin.

Da safe na ajiye shi a kan teburin guga, na tsaya a bakin ƙofa. Ta buɗe, ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, katin na manne a ƙirjinta, muryarta na rawa ta ce, “Ashe ka lura?”

Na ce, “Tun ranar farko.”