Tsofaffin Sardiniya da giyarsu

Kwanana huɗu a tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya, a wani ƙauye cikin duwatsun Ogliastra. Duk gidan da na shiga sai an miƙo mini kofin Cannonau, wato jar giyar inabin da suke taƙama da ita. Ni kuwa sai in dafa ƙirji in ce addinina ya hana. Ba wanda ya ji haushi, sai dai su ƙaro mini cukuwin tumaki da burodinsu mai ƙamas-ƙamas, pane carasau.

Wani dattijo da ya haura casa'in ya rantse mini cewa giyar nan ce sirrin tsawon ransa. Yankin dai ya yi suna wajen yawan maza masu kai shekara 100, kuma ana yawan danganta hakan da sinadaran da ke cikin ɓawon jan inabi. Hatta asalin inabin ana gardama a kansa: wasu na cewa daga Sifaniya ya zo bayan sarakunan Aragon, wata tsohuwar masarauta a can, sun mamaye tsibirin a ƙarni na 14, su kuwa 'yan gari sun ce nasu ne tun kaka da kakanni.

Amma fa abin da idona ya gani daban. Mutumin nan kullum yana hawan dutse bayan tumakinsa, abincinsa wake da ganye, da yamma kuma jikoki sun kewaye shi. A 2023 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin barasa da ba ya cutarwa. Da na faɗa masa haka, dariya ya yi, ya ce likitocinsa biyu ya binne.