Dalar 1913 a Kasuwar Kurmi

Asabar, da dare.

Bayan azahar na shiga Kurmi wajen dattijon nan mai tsofaffin kaya, don ya aiko cewa an kawo masa kuɗin zamanin Turawa daga ƙauye. Ya zazzage su a kan tabarma daga wani gwangwani. Yawanci anini ne da kwabo masu huda, irin waɗanda ba a rasawa a adakar kakanni. Ba su na zo nema ba.

Azurfa nake so, ita kuwa ba ta daɗe tana yawo ba. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ta fara fitar da taro da sisi da sule da dala (wato sule biyu) na azurfa a 1913. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, a 1920 aka koma tagulla. Wasu daga cikin waɗanda suka rage a hannun mutane kuma maƙeran fari suka narkar da su, suka zama mundaye da zobba.

Can ƙasa na hango dala guda, ta yi baƙi ƙirin. Kan Sarki Joji na Biyar na Ingila a gefe ɗaya, bishiyar kwakwa a ɗaya gefen, 1913, ga ɗan harafin H da ke nuna a Birmingham aka buga ta. Na ɗora ta a kan yatsa na ƙwanƙwasa, ta yi amo siriri mai ja. A sikeli ta ɗan haura giram 11.

Dattijon ya jawo toka da tsumma. Na ce, "Baba, don Allah kada ka goge." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, kai kaɗai ne mai biyan kuɗi don datti." Goge ta kankare mata daraja ne, amma ban ja maganar ba.

Ya so ya haɗa mini da babbar azurfar nan mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, yana nuna mini 1780 a jikinta. Ai kowacce da aka buga tun daga wannan shekarar 1780 take ɗauke da shi, har wadda aka buga shekara ɗari da hamsin bayan haka. Na ce albarka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sule ne na 1916 da aka liƙa wa ɗan kunne, alamar wata mata ta taɓa rataya shi a kitso ko a wuya. Masu tara tsofaffin kuɗi na ƙasashen waje sun ce irin wannan ya lalace, rabin kuɗi ma ba za su biya ba. Ni ban yarda ba. Dalar ta kwana a gwangwani ne kawai, shi kuwa sulen ya je biki.

Na tayi biyun tare, muka ja har aka kira la'asar kafin ya sallama. Ya ce in leƙo ranar Laraba, akwai mai kawo masa sisi daga Gaya.