Turaku Huɗun da Ban Mayar Ba

Turakun ƙarfe huɗu ne kacal, waɗanda ke kafe ragar filin ƙwallo a ƙasa. Da hannuna na zare su, na jingine su a gindin shinge, na ce in na gama yanke ciyawar bakin raga zan mayar. Ban mayar ba. Yau wata bakwai ke nan, amma in na tuna sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai, sati uku kafin ranar muka gama bitar kiyaye lafiya da kauce wa haɗari a wurin aiki, wadda aka shirya wa masu kula da filayen wasa da ma'aikatan gona da na lambu. Kwana biyu muka yi. Ni dai na je ne don oga ya ce dole. Shekara tara ina wannan aikin, me wani zai faɗa min a kan filin ƙwallo?

Da aka zo kan injuna kam na kasa kunne, don su nake tsoro. Malamin ya ce sandar nan da ke juyawa a bayan tarakta tana yin zagaye 540 a minti ɗaya, wato sau tara a daƙiƙa guda, in ta kama bakin riga ba wanda zai iya kai hannu ya kashe inji. Ya ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 tana cin ji a hankali in ana wuni a cikinta, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Duk na rubuta. Washegari na nemi abin toshe kunne, na daina sa hannu ƙarƙashin injin yanke ciyawa sai na cire wayar fulogi. Maganin feshi ma na koma karanta takardar jikin galan kafin in haɗa.

Da ya zo kan raga kuwa, waya nake dannawa. Na ji sama-sama yana cewa nauyin ragar tafi-da-gidanka duk a gaba yake, a sanduna biyu da ƙarfen sama, shi ya sa in ba a kafe ta ba gaba take kifawa. Ya ce ko dokar ƙwallo ta farko ta wajabta a kafe kowace raga a ƙasa. A raina na ce, raga dai? Abin da ba ya motsi, ba ya ƙara, ba shi da wuƙa?

Ran da abin ya faru, na ja ragar gefe na yanke ciyawa, na tura ta mazauninta, sai aka kira ni wai bututun ban-ruwa ya fashe a ɗaya ɓangaren. Na tafi. Da yamma yara suka shigo atisaye, wani ɗan shekara goma sha ɗaya ya yi tsalle ya kama ƙarfen sama yana lilo, kamar yadda yara ke yi kullum. Ina daga nesa, a kan idona ƙafar bayan ragar ta ɗaga. Ƙarfe mai faɗin mita 7.32, tsayi mita 2.44, ya taho gaba ɗaya. Yaron ya saki ya faɗi ta baya, ƙarfen ya sauka a ƙwaurinsa. Taki ɗaya ya rage da a ƙirji ne ko a ka.

Ƙashin ya karye. A nan ne bitar ta yi rana, don na hana a ɗaga shi a miƙar, na hana a ja ƙafar, muka tallafe ta yadda take har aka kai shi asibiti. Amma kada wani ya yaba min. Da na mayar da turakun nan, da ba a kai ga taimakon gaggawa ba.

Mutane suka yi ta ce min, "Haba, ka daina damun kanka, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na yarda da ƙaddara, sai dai na san sunan abin da na yi: sakaci. Mahaifin yaron bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ba a ɗaure ta ne?" Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Haushina na biyu yana kan littafin nan da aka ce mu riƙa rubuta duk haɗarin da ya kusa aukuwa, ko ba wanda ya ji ciwo. Bayan abin ya faru ne abokin aikina ya ce ai bara iska ta taɓa kifar da wannan ragar cikin dare, da safe ya tayar da ita. Bai rubuta ba, bai faɗa wa kowa ba, wai don kada a ce laifinsa ne. Na so in yi masa faɗa, sai na tuna turakuna a gindin shinge, na ja bakina.

Yanzu in zan matsar da raga, turakun a aljihun rigar aikina nake zuba su, su yi ta bugun cinyata har sai na mayar. Ko gobara aka kira ni, sai na kafe ko na kwantar da ragar ƙasa. Wadda ba a amfani da ita muna cire mata zare, mu haɗa biyu fuska da fuska mu ɗaure da sarƙa da kwaɗo. Kowace safiya ina kama ƙarfen sama in girgiza da ƙarfina.

Yaron ya dawo atisaye watan jiya. Yana ɗan ɗingishi in ya gaji. In ya gaishe ni, ƙafar nake kallo.