Wasiƙa daga Amurka: Yaran da Talauci Ya Yi wa Katutu

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Da fatan kuna lafiya. A gida idan aka ambaci Amurka, dala ce ke fara zuwa wa mutum a rai. Yau kuwa labarin talakawan ƙasar nan na kawo muku, musamman yara.

Hukumar ƙidaya ta ƙasar ta ce a 2022 mutum miliyan 37.9 ne ke cikin talauci, wato kashi 11.5 cikin ɗari. Iyali mai mutum huɗu da bai samu kimanin dala 30,000 a shekara ba, talaka ne a lissafinsu na wannan shekarar. Kada ku juya kuɗin zuwa namu ku ce ai wannan attajiri ne. A birane da yawa kuɗin haya kaɗai kan lashe rabi.

Sai dai adadin ƙasa baki ɗaya yana rufe abubuwa da dama. A jihar Misisifi kusan yaro ɗaya cikin huɗu talaka ne, alhali a Niyu Hamsha ba su kai ɗaya cikin goma ba. Cikin Misisifin ma akwai bambanci: a wasu ƙananan hukumomi na yankin Delta, inda aka yi noman auduga da gumin bayi, abin ya kusa kai rabin yara. Kowace shekara ana fitar da lissafin ƙananan hukumomi sama da 3,000 ɗaya bayan ɗaya, kuma da irinsa gwamnatin tarayya ke raba wa makarantun yaran talakawa tallafi. A wasu makarantun, ranar Juma'a malamai kan sa wa yaro gwangwanin abinci da biskit cikin jakarsa, don an san Asabar da Lahadi tukunya ba lallai ta hau wuta a gidansu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2021. A shekarar gwamnati ta ƙara tallafin yara: dala 3,600 ga wanda bai kai shekara shida ba, 3,000 ga na sama da haka, ana tura wa iyaye wani kaso duk wata daga Yuli zuwa Disamba. A ma'aunin da ke haɗawa da tallafin gwamnati, talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. An ga maganin da ido, ya kuma yi aiki. Majalisar Wakilai ta amince a tsawaita shi, ta Dattawa ta ƙi motsawa, shirin ya mutu. A 2022 adadin ya haura zuwa kashi 12.4, yara sama da miliyan biyar suka koma inda aka tsamo su. Wallahi wannan ya ƙona mini rai, domin ba rashin kuɗi ne ya jawo shi ba.

A gaishe mini da kowa da kowa.

Wassalam.