Ƙwallon nesa: dalilin da ya sa har gobe ina bayan ta Oliseh

Daren Asabar ɗin da ta wuce, da muka fito daga gidan kallo, sai muka yada zango a teburin mai shayin bakin layinmu kamar yadda muka saba. Ban gama zama ba ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, don Allah kalli wannan, ka gaya mini ko an taɓa cin irinta." Ƙwallon Patrik Schick ce, wadda ya ci wa ƙasar Czech a ragar Scotland a filin Hampden Park, a gasar Turai da aka buga a 2021. Ya hango gola David Marshall ya baro gida, sai ya lanƙwaso ta daga dab da layin tsakiya, kusan yadi 50. Marshall ya juya da gudu yana bin ta, har ya faɗa cikin raga ya sarƙe.

Na ce masa ƙwallo ce mai kyau, amma a wurina ba ta cikin ukun farko. Shi ke nan musu ya ɓarke. Kowa ya ajiye kofinsa ya kawo gwaninsa, shayi ya huce a gabanmu, har mai shayin ma sai da ya bar suyar ƙwai ya sa baki. A irin wannan hayaniya ba a barin mutum ya kai ƙarshen zance, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da nake son faɗa a daren.

Idan da igiyar awo ake yanke wannan hukunci, ai da babu musu. Akwai wani gola mai suna Tom King na ƙungiyar Newport County, da ya buga ƙwallo daga bakin ragarsa a watan Janairun 2021, iska ta ɗauke ta, ta dira ta tsallake golan Cheltenham ta shige. An auna aka samu mita 96.01, kundin Guinness ya rubuta sunansa. Kafin shi Asmir Begovic na Stoke ya yi makamanciyarta a ragar Southampton a 2013, daƙiƙa 13 da take wasa. To a cikinmu mu kusan goma da ke teburin nan, babu wanda ya ambaci ɗayansu. Kowa ya san a ransa cewa waɗannan rabo ne ya rantse, ba niyya ba. Ke nan nisa kaɗai ba ya sa ƙwallo ta zauna a zuciya.

Ni abu biyu nake tambaya. Ina gola yake lokacin da aka buga? Sannan da a ce ba ta shiga ba, me za a rasa?

Akwai ƙwallon da ake ci saboda gola ya bar gidansa. Wannan aikin ido ne da wayo. Pele ya gwada ta a Kofin Duniya na 1970 a wasansu da Czechoslovakia, ta wuce gefen turke da kaɗan, kuma har yau ana nuna ta duk da ba ta shiga ba. David Beckham ya ci tasa ranar 17 ga Agustan 1996 a Selhurst Park, yana ɗan shekara 21, ya ɗaga ta daga layin tsakiya ta saman Neil Sullivan na Wimbledon. Daga ranar sunansa ya zagaya duniya. Xabi Alonso ya ci biyu daga ɓangaren filinsu a 2006, ɗaya a ragar Luton, ɗaya a ragar Newcastle. Rooney ma ya ci West Ham irinta sau biyu, da rigar Manchester United da kuma rigar Everton. Ban raina su ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ko a filin makarantar firamare ne ya san wahalar aika ta yadi 50 ta sauka inda kake so. Amma rabin irin wannan ci kyautar gola ce. Kuma ta Beckham ta zo ne a mintin ƙarshe, United na gaba da ci 2 da nema. Ko da ta tafi waje, maki ukunsu na aljihu.

Guda ɗaya ce tak a cikin wannan dangi nake cire wa hula, ita ce ta Nayim na Real Zaragoza. Matasan da suka fara son Arsenal bayan zuwan Kanu a 1999 ba su san wannan ciwo ba. Wasan ƙarshe ne na kofin Cup Winners' Cup a birnin Paris, ranar 10 ga Mayun 1995, Arsenal da Real Zaragoza, kuma Arsenal ce ke riƙe da kofin. An yi minti 90 ana 1-1, an shiga ƙarin lokaci, shi ma ya zo ƙarshe, kowa ya fara lissafin wa zai buga fenareti. A minti na 120 ƙwallo ta faɗo wa Nayim can gefen dama, sama da yadi 40 daga raga. Ya ɗaga ta sama kamar zai kai ta gajimare. David Seaman, golan Arsenal, ya dinga ja da baya, ya taɓa ta da hannu, ta shige da shi. Babu sauran lokacin farkewa. Ƙarin gishiri a miki, Nayim tsohon ɗan wasan Tottenham ne. A nan ma golan ya ɗan fito, amma dubi abin da ke kan faranti: kofi ɗungurungum, a bugu ɗaya, a numfashin ƙarshe.

Wani a teburin ya kawo bugun tazarar Roberto Carlos a ragar Faransa, a Lyon, cikin Yunin 1997. Wannan kam abin al'ajabi ce. Ta tashi kamar za ta fita waje, har yaron da ke ɗauko ƙwallo a gefen raga ya sunkuya, sai ta karyo kwana ta bugi turke ta shiga, Barthez na tsaye ko motsi bai yi ba. Amma ni bugun tazara gefe nake ajiye shi. Ƙwallo na kwance, alƙalin wasa ya ja 'yan katanga baya, mutum ya ƙirga takunsa, ya yi numfashi. Wani fanni ne mai zaman kansa, kuma wasan na gasar share fage ne, an tashi 1-1. Ta Ronaldinho a ragar Ingila a 2002, wadda ta sake tsallake Seaman ɗin dai, har yau ba a gama gardamar ko raga ya nufa ko kan abokin wasansa ba.

Waɗanda nake so su ne na dangi na biyu: gola yana tsaye a inda ya dace, ya ga an buga, ya yi tsalle iya ƙarfinsa, amma a banza. Babu wanda za a ɗora wa laifi. Ta Cristiano Ronaldo a gidan Porto cikin Afrilun 2009 tana nan, kusan yadi 40, minti 6 da farawa, ita kaɗai aka ci a wasan, ta kai United wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, kuma ita ce ta fara lashe kyautar Puskas, wadda ake ba ƙwallon da ta fi kyau a shekara. Akwai ta Giovanni van Bronckhorst a ragar Uruguay a Cape Town a 2010, daga can gefen hagu zuwa saƙon sama na ɗaya ɓangaren. Akwai ta Vincent Kompany a ragar Leicester a watan Mayun 2019. Mai tsaron baya ne, ba a san shi da bugun nesa ba, shi da kansa ya ba da labarin cewa abokan wasansa na ce masa kada ya buga. Ya buga a minti na 70, City ta ci 1-0, ta ƙare kakar da maki 98, Liverpool na biye da 97. Maki ɗayan nan daga ƙafarsa ya fito.

Ta Sulley Muntari na Ghana a ragar Uruguay a Kofin Duniya kuwa ba na iya kallonta ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci ya juya ya narka ta da hagu daga wajen yadi 35, ta yaudari gola Muslera ta shiga. A daren nan na 2 ga Yulin 2010 duk Afirka 'yan Ghana ne. Sai Forlan ya farke, sai hannun Suarez, sai fenaretin Asamoah Gyan ta bugi ƙarfen sama. Abin da ya biyo baya ya binne ƙwallon Muntari, ba a cika tuna ta ba, kuma wannan rashin adalci ne gare ta.

Yanzu bari in zo ga tawa.

Ranar Asabar ce, 13 ga Yunin 1998. Kwana biyar ke nan da rasuwar Janar Sani Abacha, ƙasa ta yi tsit, kowa na sauraron rediyo yana jiran abin da zai biyo baya. A Zariya nake lokacin, ina sakandare. Maƙwabcinmu ya fito da talabijin ɗinsa zaure ya ɗora kan tebur, manya na kan benci da tabarma, mu yara muna ƙasa dab da allon, wasu na leƙe ta taga. Bayan azahar aka take wasan Najeriya da Sifaniya na Kofin Duniya a birnin Nantes. Sifaniya ta zo da Hierro da Raul da Luis Enrique, a raga kuma ga Andoni Zubizarreta, kyaftin ɗinsu, wanda wannan ne Kofin Duniyarsa na huɗu. Mu kuwa wasannin share fagenmu ba su yi kyau ba, mutane da yawa sun zo kallo ne da addu'ar kada a yi mana cin kaca.

Hierro ya fara ci da bugun tazara. Minti uku tsakani Mutiu Adepoju ya farke da ka. Ana dawowa daga hutu Raul ya ƙara. Zauren ya yi shiru, sai ƙarar mafici. A minti na 73 Garba Lawal, ɗan Kaduna, ya kutsa ta hagu ya bugo ta ƙasa-ƙasa, Zubizarreta ya kai hannu ya tura ta ragarsa da kansa. 2-2. Wani dattijo a bayana ya ce, "Alhamdulillahi, a tashi haka ma mun gode." Gaskiya duk abin da ke ranmu ke nan.

Sai minti na 78. Okocha ya yi doguwar jifa cikin yadi na 18, Hierro ya sa kai ya fitar da ita. Ta fito tana tsalle zuwa fili fetal, babu kowa a allon. Sai ga Sunday Oliseh ya shigo da gudu. Bai tare ta ba, bai gyara ba, bai ɗaga kai ya nemi wanda zai ba ba. Ya ɗirka mata ƙafar dama daga wajen yadi 25. Ni dai ban ga tafiyarta ba, ragar kawai na ga ta girgiza. Sai a maimaici muka ga yadda ta tafi a miƙe, Zubizarreta ya yi shawagi zuwa damansa, ta daki cikin turke ta faɗa. Benci ya kife. Dattijon nan da ya ce a tashi haka, shi ne ya ɗaga ni sama, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. A waje 'yan acaɓa suka cika titi da hon, mata na guɗa daga cikin gidaje. Mako guda garin bai yi dariya ba sai a wannan yammaci.

Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ai wannan son kai ne kawai. Yadi 25 fa, rabin ta Schick." Na yarda akwai so a ciki, ba zan ɓoye ba. Amma a ɗora ta a kan ma'aunin da na ɗora sauran. Ƙwallo ce mai rai, tana tsalle, an buge ta a taɓawa ɗaya, wanda ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan bugun wadda ke kwance. Gola yana kan layinsa, kuma ba ƙaramin gola ba. A Kofin Duniya ne, ita ce ta raba gardama, aka tashi 3-2. Kuma ta yi aiki har bayan wasan: Najeriya ta jagoranci rukunin, Sifaniya ta zazzaga wa Bulgariya 6-1 a wasanta na ƙarshe amma duk da haka ta tattara kayanta ta koma gida tun a zagayen farko. Denmark ta fitar da mu da 4-1 a zagaye na biyu, wannan ma ban manta ba, sai dai bai goge abin da ya faru a Nantes ba.

Ƙwallo ɗaya ce nake jin za ta iya ja da ita tsakani da Allah, ita ce ta Steven Gerrard a wasan ƙarshe na Kofin FA a Cardiff, 13 ga Mayun 2006. West Ham na gaba da 3-2, ana sanar da mintocin da aka ƙara, ƙafafun Gerrard sun ɗaure har yana ɗingishi. Lionel Scaloni, wanda daga baya ya ɗauki Kofin Duniya a matsayin kocin Ajantina, shi ya yi sakacin mayar wa Liverpool ƙwallo. Aka cillo ta, aka fitar da ka, ta faɗo wa Gerrard a wajen yadi 35. Shi ma taɓawa ɗaya ya yi mata, ta bi ƙasa ta wuce Shaka Hislop. Liverpool ta ɗauki kofin a bugun fenareti. Ta fi ta Oliseh nisa, ta fi ta zuwa a ƙurarren lokaci. Idan ɗan Liverpool ya ce ita ce ta ɗaya ba zan yi faɗa da shi ba. Abin da ya sa na sa ta ta biyu shi ne, ta Gerrard ta ceto wasa ne zuwa canjaras, kuma ƙungiya ɗaya ta faranta wa. Ta Oliseh ta ci wasa, kuma a wannan rana daga Sakkwato har Fatakwal babu wanda ya tambayi wani yarensa ko addininsa kafin ya rungume shi. Ta Nayim ce ta uku a wurina.

Kafin mu watse na karɓi wayar na nemo masa bidiyon. Hoton ya tsufa, dishi-dishi, ba kamar na yanzu ba. Ya kalla sau ɗaya, ya mayar baya, ya sake mayarwa. A karo na uku ya tsayar da shi daidai inda ƙwallon ta fito daga kan Hierro, ya kawo wayar kusa da idonsa, ya ce, "Kawu, wai daga ina ma ya fito?"