Abincin kifi na gida ya daina narkewa a tanki

’Yan uwa masu kiwon kifin ado, yau dai da farin ciki nake rubutu. Abincin da nake haɗawa a gida ya kwana a cikin ruwa mai zafin digiri 30, gari ya waye yana nan a dunƙule, ruwa kuma garau. Wanda ya taɓa zuba haɗin jalatin (garin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi don daskarar da abinci) a tanki cikin watan Afrilu ya san abin da nake nufi: kafin kifi su gama cin rabi, sauran ya zama kunu, soson tace ruwa ya toshe, washegari ammoniya (gubar da ruɓaɓɓen abinci ke saki a ruwa) ta tashi, ƙananan kifayen da ake kira gofi suna haki a saman ruwa.

Laifin na jalatin ne. Yana fara saki tun zafi bai kai digiri 30 ba, ya narke sarai wajen 35. Yawancin tsarin haɗin da ke yawo a intanet na masu tanki ne a ƙasashen sanyi, inda ruwa ke tsayawa a 24 zuwa 26. Mu kuwa da bazara ruwan ɗaki kaɗai yana kai 30 ba tare da hita ba, ga shi ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, don haka ɗan ruɓaɓɓen abinci ya isa ya jawo asara. Ƙara yawan jalatin ba ya magance komai, jinkirta narkewar kawai yake yi. Abin da ya raba gardama shi ne aga-aga, garin da ake samu daga ciyawar teku. Shi sai zafi ya kai wajen 85 yake narkewa, kuma yana daskarewa da zarar ya sauko ƙasa da 40. Ga wanda ke shakkar daga wace dabba aka yi jalatin, wannan ma ya huta. Tsada kam akwai ta. Ƙunshin giram 50 a shagon kayan kek ya ci min kuɗin da ya yi min ciwo, amma haɗi huɗu zai yi, gwangwanin abincin waje kuwa yanzu ba a magana.

Ga awon da ya zauna: tsokar karfasa dafaffiya giram 200 babu ƙaya, kirefish giram 50, kabewa turarriya 100, karas 50, alayyafo 50 da aka tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, garin zogale 10, da ƙwayar tafarnuwa ɗaya. Kirefish a jiƙa shi a sauya ruwa sau biyu saboda gishiri da ƙura. Zogale kada a zarce da shi, yana da ɗaci da sinadaran da ke rage cin abinci idan ya yi yawa. Kifin kuma a dafa shi, domin ɗanyen naman wasu kifaye yana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, wuta ce ke kashe sinadarin. Sai a markaɗa kayan gaba ɗaya.

Inda aikin yake da taurin kai shi ne wajen haɗa aga da markaɗen. Aga giram 12 a ruwan sanyi mililita 300, a bar shi ya jiƙa minti goma, sannan a ɗora a wuta ana juyawa har ya tafasa sosai na minti biyu zuwa uku. Idan bai tafasa ba, ba zai kama ba ko an kwana ana jira. A ɗebo da cokali a duba: in ana ganin ƙananan ƙwayoyi kamar yashi, da saura. To ko ya narke daidai, idan aka juye shi a kan markaɗe mai sanyi, nan take yake daskarewa ya zama zare-zare da gudaji, sauran haɗin kuma ya zauna ruwa-ruwa. A faranti sai ka ga kamar ya yi, yana shiga tanki ya wargaje. Wannan shi ne ya daɗe yana ba ni haushi. Maganinsa a ɗumama markaɗen tukuna ya kai digiri 50 zuwa 60, wato zafin da yatsa ba zai daɗe a ciki ba, a zuba aga a hankali ana bugawa da sauri, a juye a faranti kafin minti biyu. Kaurin kada ya wuce milimita 5. Mai son ƙara bitamin ya ɗiga a daidai wannan lokaci, tafasa tana kashe bitamin C. Lemon tsami da tumatir kuwa a bar su, tsami yana raunana kamun aga.

Kafin a ba kifi, a yanka ɗan guntu a jefa a kofin ruwan tanki ya kwana. In ruwan ya yi hazo, haɗin bai yi ba, kada a saka shi.

Kifayen moli da gofi suka fara yi masa rubdugu, fileko, kifin da ke tsotsar bango da ƙasan tanki, ya bi da dare ya kankare har ƙasa. Kifayen tetira sun ɗan yi jan aji, sai da aka yi musu yinin azumi sannan suka karɓa. Guntu mai faɗin santimita ɗaya ya ishi gofi goma, abin da ya rage bayan awa biyu a tsame shi. Kashinsu yanzu gajere ne mai duhu, ba dogon farin zaren nan ba, kuma cikin moli ya daina kumbura kamar lokacin da suke cin niƙaƙƙen abincin tarwaɗa mai yawan mai.

Ajiya ce ba ta gama zama ba. A firij kwana huɗu zuwa biyar ne iyaka. A firiza yana kai wata biyu, sai dai aga idan ya ƙanƙare ya saki yana tsatso ruwa ya yi laushi, don haka a jefa shi tanki da sanyinsa. In aka ɗauke wuta ya saki gaba ɗaya, siffarsa tana nan amma naman kifin da ke cikinsa ya lalace, a shinshina kafin a bayar. Na so in gwada haɗin abincin ’ya’yan kifi a wannan zagaye, amma na tsallake zuwa busarwa: na shimfiɗa wani kaso siriri kamar kilishi a inuwa, an rufe da raga saboda ƙuda, in ga ko zai jiƙa ya koma yadda yake ba tare da ya ruguje ba.